Yadda ake tace dogon jerin sunaye da binciken rubutu a Google Sheets

Masu karatu da dama, musamman sakatarorin ƙungiyoyi, malaman da ke riƙe da rajistar ɗalibai da masu shagunan da ke rubuta bashi a kwamfuta, sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: idan jeri ya kai layi dubu ko fiye, yaya za a yi a ware mutanen gari guda, ko waɗanda ba su biya ba, ba tare da an bi layukan ɗaya bayan ɗaya ba? Ga matakan bi da bi kamar yadda ake yin su a Google Sheets ta burauza. Domin bayanin ya zauna, za mu ɗauki misalin rajistar wata ƙungiyar manoma mai ginshiƙai biyar: A lambar mamba, B suna, C gari, D lambar waya, E kuɗin da aka biya. Layi shi ne na kwance, ginshiƙi kuma na tsaye, gida kuwa shi ne ɗan akwatin da ke inda suka haɗu. An bar sunayen madannai da Turanci kamar yadda suke bayyana a fuskar kwamfuta.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, akwatin bincike bai san mutum ba, bai san gari ba. Haruffa kawai yake kwatantawa. Kusan duk kuskuren da za a ambata a ƙasa daga mantuwa da wannan yake tasowa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar asusun Google, kwamfuta mai burauza kamar Chrome ko Firefox, da intanet. Manhajar kyauta ce, kuma kowane asusu yana zuwa da ma'ajiyar gigabait 15 da Drive da Gmail da Photos suke rabawa a tsakaninsu. Fayil guda yana ɗaukar gidaje har miliyan 10, saboda haka rajistar ƙungiya ko ta makaranta ba za ta cika shi ba. Kuɗin da zai fita daga aljihu na data ne kawai. Wanda rajistarsa take a Excel zai iya ɗora fayil ɗin a Drive ya buɗe shi kai tsaye. Ana iya yin tacewa mai sauƙi, wato ɓoye layukan da ba a buƙata, a waya, amma mataki na 8 aikin kwamfuta ne.

1. Kwafi da gyaran kan jeri

Kafin a taɓa komai, a shiga "File", a zaɓi "Make a copy", a yi gwajin farko a kan kwafin. Daga nan a tabbatar layi na 1 yana ɗauke da sunayen ginshiƙai kaɗai, kowane ginshiƙi da sunansa, babu gidajen da aka haɗe wuri ɗaya. Idan akwai babban take irin su sunan ƙungiya da shekara a saman jerin, a mayar da shi sunan fayil. Sai a shiga "View", a zaɓi "Freeze", a danna "1 row", domin layin sunayen ya tsaya a sama ko da an gangara ƙasa.

Gargaɗi: wasu suna barin layi fanko tsakanin mutanen wannan gari da na wancan don ido ya huta. A goge irin waɗannan layuka, domin suna iya sa tacewa ta tsaya a tsakiyar jeri, a yi ta bincike a rabin rajista ana zaton duka ce.

2. Tsabtace rubutun

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. Rajistar da hannaye uku ko huɗu suka cika ba ta taɓa zama da rubutu iri ɗaya.

Da farko a zaɓi jerin duka, a shiga "Data", a zaɓi "Data cleanup", a danna "Trim whitespace". Wannan yana cire giɓin da ya maƙale a farko ko a ƙarshen kalma, wanda ido ba ya gani amma kwamfuta tana ƙirga shi a matsayin harafi. "Bichi" da ke da giɓi a bayansa ba daidai yake da "Bichi" marar giɓi ba.

Na biyu, a duba haruffa masu ƙugiya. A wurin kwamfuta ƙ ba k ba ce, ɗ ba d ba ce, ɓ ba b ba ce. Idan sakatare ɗaya ya rubuta Ƙaraye, na biyu ya rubuta Karaye, na uku kuma ya rubuta K'araye saboda wayarsa ba ta da ƙugiya, to garuruwa uku ke nan a idon manhajar. Haka Ɗambatta, Dambatta da Danbatta. Ita kanta alamar da ke tsakiyar A'isha iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya, gwargwadon na'urar da aka yi rubutun da ita, kuma binciken ɗaya ba ya kamo ɗayar.

Don daidaita sunayen garuruwa, a zaɓi ginshiƙi C kaɗai, a danna Ctrl da H. A rubuta Karaye a akwatin "Find", Ƙaraye a akwatin "Replace with", a tabbatar an zaɓi "Specific range" a wurin "Search", a sa alama a "Match entire cell contents", sannan a danna "Replace all". A maimaita ga kowane gari.

Gargaɗi: idan ba a taƙaita musanyar ga ginshiƙi guda ba, za ta shiga sunayen mutane, har da sauran shafukan fayil ɗin. Sunayen mutane kuwa ba a daidaita su ta wannan hanya. Wanda katinsa na ɗan ƙasa ke ɗauke da Mohammed, a bar masa Mohammed, domin ranar da za a kai jerin banki, rubutun da ke kan kati za a bi.

Na uku, lambar waya. Idan aka rubuta lambar Najeriya mai alƙaluma 11 a gidan da manhajar ta ɗauka na lissafi ne, sifilin farko zai ɓace. Idan kuma aka fara da +234, alamar tarawar ce za ta tafi. A zaɓi ginshiƙi D, a shiga "Format", "Number", a zaɓi "Plain text". Wannan zai kare lambobin da za a shigar nan gaba, amma ba zai dawo da sifilin da ya riga ya ɓace ba.

3. Kunna tacewa

A danna harafin A a can saman ginshiƙi, a riƙe Shift, a danna harafin E, yadda ginshiƙan biyar za su zaɓu gaba ɗaya. A shiga "Data", a danna "Create a filter". Wata 'yar alama za ta bayyana a gefen dama na kowane suna a layi na 1, lambobin layuka kuma za su koma kore.

Gargaɗi: kada a zaɓi ginshiƙi ɗaya ko biyu kawai. Idan tacewa ta rufe B da C ta bar D da E a waje, daga baya wani ya danna "Sort A to Z", sunaye za su sauya wuri su bar kuɗi a inda suke, kuɗin wani ya koma gaban sunan wani. Wannan ɓarna ba ta nuna alamar kuskure ko kaɗan, sai ranar rabon taki a ji cece-kuce ya tashi.

4. Neman kalma a ginshiƙi guda

A danna alamar da ke kan ginshiƙin gari, a buɗe "Filter by condition", a danna inda aka rubuta "None". Zaɓuɓɓukan rubutu biyar ne. "Text contains" yana nuna duk gidan da haruffan suke a cikinsa, ko a farko ko a tsakiya ko a ƙarshe. "Text does not contain" kishiyarsa ne. "Text starts with" da "Text ends with" suna duba farkon gida ko ƙarshensa, shi kuwa "Text is exactly" sai rubutun gidan ya yi daidai da abin da aka nema ba ragi ba ƙari. A zaɓi ɗaya, a rubuta abin nema a akwatin da ya buɗe, a danna "OK". Layukan da ba su dace ba za su ɓuya, alamar ginshiƙin kuma ta koma siffar mazurari. Babban baƙi da ƙarami ba su da bambanci a nan, "gwarzo" da "GWARZO" sakamako ɗaya suke kawowa.

Ƙwarewar duka tana wajen zaɓen abin da za a rubuta. Dabarar ita ce a nemi guntun kalmar da ba ya canzawa duk yadda aka rubuta ta. Maimakon Ɗambatta, a rubuta "batta", zai kamo rubutun nan uku a tare. Maimakon Ƙaraye, a rubuta "araye". Maimakon A'isha, a rubuta "isha", zai kawo Aisha da A'isha da Aishatu. A ginshiƙin waya, a rubuta alƙaluma huɗu ko biyar na ƙarshe, tunda su ba sa sauyawa ko an fara lambar da sifili ko da 234.

Sai dai guntun kalma yana da nasa haɗari, domin idan ya yi gajarta da yawa yakan kwaso abin da ba a nema ba. Wanda ya rubuta "ali" yana neman Malam Ali zai ga Aliyu, Halima, Salisu da Khalid sun jeru a gabansa, saboda waɗannan haruffa uku suna cikin kowane ɗaya daga sunayen. A nan "Text starts with" ya fi dacewa, ko da yake shi ma zai kawo Aliyu. Sunan Muhammadu ya fi kowanne wahala: "hamm" yana kamo Muhammad, Muhammadu da Mohammed, amma ya bar Mahamadou irin na takardun Nijar, ya kuma bar gajerce-gajercen da ake yi kamar Muhd da Moh'd. Idan aka rage zuwa "ham", Mahamadou zai shigo, amma tare da Hamza da Hamisu. Mataki na 6 ne maganin irin wannan.

Gargaɗi: a rajistar da ke da ginshiƙin bayani, inda ake rubuta "ya biya" ko "bai biya ba", neman "biya" zai kawo ɓangarorin biyu duka. A nemi "bai" don ware masu bashi maza, a tuna kuma mata an rubuta musu "ba ta biya ba". Wannan ya sa ya fi alheri a mayar da irin wannan ginshiƙi mai zaɓi biyu kacal ta hanyar "Insert" da "Dropdown", a daina barin kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Haka nan kada a nemi kwanan wata da "Text contains". A cikin jerin sharuɗɗan akwai "Date is", "Date is before" da "Date is after" da aka tanada dominsa.

A lura kuma cewa Ctrl da F ba tacewa ba ne. Yana haskaka gidajen da kalmar take ne, ya yi tsalle daga wannan zuwa wancan, amma jerin yana nan da tsawonsa. Yana da amfani idan mutum guda ake nema, ba idan ana son a ware rukuni ba.

5. Akwatin bincike na "Filter by values"

A ƙasan "Filter by condition" akwai wata hanya ta biyu, wadda ke jero duk wani rubutu daban da ke cikin ginshiƙin, kowanne da akwatin sa alama. Ita ce ta fi dacewa idan ana son garuruwa biyu ko uku a lokaci guda, kuma tana tona asirin rubutun da ya karkace, domin a nan ne za a ga Gwarzo da Gwazo suna maƙwabtaka.

Jerin matakan a nan yana da muhimmanci ƙwarai. A fara danna "Clear" domin duk alamomin su goge. Bayan haka a rubuta "batta" a akwatin bincike, a danna "Select all", wanda a wannan lokaci zai sa alama ga abin da binciken ya nuna kaɗai. A goge akwatin, a rubuta "bichi", a sake danna "Select all", sannan "OK".

Gargaɗi: mafi yawan waɗanda suke cewa tacewa ta ƙi aiki, "Clear" suka tsallake. Rubutu a akwatin yana rage abin da ake gani a cikin ɗan jerin zaɓi ne kawai, ba ya cire alamar sauran, saboda haka idan aka danna "OK" a haka, rajistar za ta dawo yadda take.

6. Haɗa sharuɗɗa

Idan aka tace ginshiƙin gari da "batta", sannan aka tace ginshiƙin suna da "isha", abin da zai rage shi ne layukan da suka cika sharuɗɗan biyu a tare. Kowace tacewa da aka ƙara tana rage jerin ne, ba ta faɗaɗa shi. Don haka idan sakamako ya fito fanko alhali an san mutumin yana cikin rajista, a bi layi na 1 a duba ko akwai mazurarin da aka manta a kan wani ginshiƙi.

Idan kuwa ana son ko wannan rubutu ko wancan a ginshiƙi guda, sai an yi amfani da fomula, wato umarnin da ake rubuta wa manhajar wanda ke farawa da alamar =. A buɗe "Filter by condition" na ginshiƙin suna, a gangara zuwa "Custom formula is", a rubuta:

=REGEXMATCH(B2,"(?i)muham|moham|maham|muhd|moh.d")

B2 shi ne gidan farko na sunaye a ƙarƙashin kan jeri, manhajar za ta bi sauran layukan da kanta. Sandar da ke tsakanin kalmomi tana nufin "ko". Ɗigon da ke cikin moh.d yana wakiltar kowane harafi guda, don haka ya kama alamar miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya duka. Alamomin da ke farkon rubutun kuwa suna sa a yi watsi da bambancin babban baƙi da ƙarami. Idan aka cire su, wannan fomula tana bambancewa, saɓanin "Text contains". Ta wannan hanya ake magance ƙugiya ma, misali "[kƙKƘ]araye" yana karɓar kowane ɗaya daga haruffan da ke cikin baka.

Gargaɗi: REGEXMATCH a kan rubutu yake aiki. Idan ginshiƙin na lambobi ne, a sa TO_TEXT(D2) a madadin D2. Waɗanda kuma aka saita fayil ɗinsu a kan tsarin Faransa, kamar yadda ake yi a ofisoshi da yawa a Maraɗi da Damagaram, za su sa waƙafi mai ɗigo a inda aka sa waƙafi a cikin fomula, in ba haka ba za ta nuna kuskure.

7. Ƙirga da tarawa bayan tacewa

Tacewa tana ɓoye layuka ne, ba ta cire su. Saboda haka fomular SUM da ke ƙasan ginshiƙin kuɗi tana ci gaba da tara har da waɗanda ba a gani. Ma'ajin da ya tace mutanen Bichi ya karanta wannan jimilla, kuɗin ƙungiyar gaba ɗaya zai kai wa taro a matsayin na Bichi.

A bar ginshiƙi F fanko, a je gida G1 a rubuta =SUBTOTAL(109,E2:E) don jimillar kuɗin layukan da ake gani kaɗai, a H1 kuma =SUBTOTAL(103,B2:B) don adadinsu. An zaɓi layi na 1 ne saboda shi tacewa ba ta ɓoye shi. Idan aka sa fomular a layi na 5, za ta iya ɓuya tare da layin.

Kafin a amince da kowane sakamako, a yi wannan gwaji: a rubuta adadin da "Text contains" ya bayar, a juya sharaɗin zuwa "Text does not contain" da kalma ɗaya, a bi jerin da ya fito da ido, ko a buɗe "Filter by values" a duba sunayen garuruwan da suka rage. Idan wani ya rubuta D/batta ko DBT, a nan za a kama shi. Minti biyu ne aikin, kuma shi ne ke hana a bar mutum a waje.

8. Tacewa a fayil ɗin da ake aiki tare

Tacewar mataki na 3 ta kowa ce. Idan sakatare ya tace, ma'aji da ke kan fayil ɗin a wani gari zai ga rabin sunaye sun ɓace daga gabansa, kuma shafi guda tacewa ɗaya irin wannan yake ɗauka. Mafita ita ce a shiga "Data", a zaɓi "Create filter view". Komai yana aiki kamar yadda aka bayyana a sama, sai dai abin da aka tace ko aka jera bai shafi abin da sauran suke gani ba. A sa masa suna mai ma'ana, misali "Masu bashin Ɗambatta", a adana, yadda gobe dannawa ɗaya za ta dawo da shi. Ana iya yin su da yawa a shafi guda. Wanda aka ba izinin kallo kaɗai shi ma zai iya buɗe na wucin gadi, amma ba zai adanu ba.

Gargaɗi: gyaran da aka yi wa rubutu a cikin irin wannan kallo gyara ne na gaske, yana shafar kowa. Mafi muhimmanci kuma, tacewa ba sirri ba ce. Duk wanda aka aika wa adireshin fayil zai iya cire ta ya ga lambobin waya da bashin kowa, abin da ya saɓa wa amana, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Idan shugaban reshen gari guda ne ke buƙatar jerin mutanensa, a kwafi layukan da ake gani zuwa sabon fayil, a ƙirga su a tabbatar sun yi daidai da adadin H1, a aika masa wannan.

9. Cire tacewa da gyara ɓarna

Idan an gama, a shiga "Data" a danna "Remove filter". Idan kuma kallon mataki na 8 ne, a rufe shi da alamar X da ke gefen dama na zirinsa. A duba lambobin layuka a ga suna bin juna 2, 3, 4 ba tsallake, wannan ce shaidar cewa babu abin da ya rage a ɓoye. Kada a liƙa dogon ginshiƙi daga wani fayil, ko a goge layuka masu yawa, alhali tacewa tana kunne, domin ba a ganin abin da ke tsakanin layukan, kuma idan wani abu ya kauce ba za a lura da wuri ba.

Idan ɓarna ta riga ta auku, Ctrl da Z yana janye aikin da aka yi yanzun nan. Idan kuwa an kwana, a shiga "File", "Version history", "See version history", a zaɓi ranar da lokacin da rajistar take daidai. A tuna cewa danna "Restore this version" zai tafi da duk sunayen da aka shigar bayan wannan lokaci, don haka idan an ci gaba da rajista tun daga ranar, gara a yi kwafin tsohon sigar daban, a ɗauko ginshiƙin da ya lalace daga can, ana daidaita shi da lambar mamba da ke ginshiƙi A.